Idon Na'ura a Kasuwar Shanu

Iyayenmu mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki. Direbobin da ke kan hanyar Damaturu, da masu nufar Azare da Kano, da masu tafiya Bauchi, Allah ya sauke ku lafiya. Ƙannena 'yan makaranta kuwa, ku matso kusa da rediyo. Akwai saƙonku a ƙarshen shirin.

Yau maganarmu a kan idon na'ura ce. Yaya kwamfuta take kallon bidiyo, ta gane abin da ke motsi, ta kuma bi sawunsa? Musamman idan wurin da take kallon shi kansa bai tsaya cik ba.

Mu fara da kasuwar shanu ta nan Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Ranar Laraba ce, hantsi ya dubi ludayi. Ka hau bayan wata tirela, ka duba ƙasa. Shanu iya ganinka. Ga bunaji farare tas. Ga rahaji jajaye masu dogon ƙaho. Ga bokolo masu tozo da gajeren ƙaho. Dillalai na kai da kawowa. 'Yan lodi na kora shanu bakin mota. Mai fura ta ratso da ƙwarya a kai. Ƙura ta turnuƙe, iska na kaɗa rumfuna. Sai maigidanka ya nuna maka wani jan bijimi, ya ce: "Wancan, kada idonka ya bar kansa."

Za ka iya. Yaron makiyayi ɗan shekara 10 ma zai iya. Bijimin zai shige bayan mota, ya ɓullo ta ɗaya gefen, yaron ya ce ga shi can. Ƙurar ba ta ruɗe shi ba. Rumfar da ke kaɗawa ko kallo ba ta ishe shi ba. To wannan aikin da yaro ke yi ba tare da ya tsaya tunani ba, masana sun shafe fiye da shekara 40 suna koya wa kwamfuta shi. Har yau da saura.

Kashi na farko. Me kwamfuta take gani idan an ba ta bidiyo?

Bidiyo hotuna ne a jere. Ana nuna su da sauri, 25 ko 30 a cikin sakan ɗaya, sai idonmu ya ɗauka motsi ne. Kowane hoto kuma ɗigo-ɗigo ne. Malam, cire hular kuben da ke kanka ka duba. Daga nesa zane ne mai kyau. Ka kawo ta kusa da ido, sai ka ga saƙar zare ce, ɗaya bayan ɗaya. Haka hoto yake. Ɗigon nan masana na ce masa fiksel. Kyamarar shago mai kyau tana da ɗigo fiye da miliyan 2 a hoto guda. Kowane ɗigo kuwa lamba ce a wajen kwamfuta. Idan hoton baƙi da fari ne, sifili shi ne baƙi ƙirin, 255 shi ne fari fat, sauran suna tsakani. Ke nan a sakan ɗaya, lambobi sama da miliyan 50 ne ke kwarara cikinta.

Ku riƙe wannan, don za mu yi ta komawa kansa. Kwamfuta ba ta ganin bijimi, ba ta ganin mutum. Lambobi take gani. Duk abin da za ta yi, da lissafi za ta yi shi.

Kashi na biyu. Yaya ake gane motsi da lissafi?

Dabara mafi sauƙi ita ce debewa, irin ta 'yan firamare. A ɗauki hoton yanzu, a ɗauki wanda ya gabace shi, a debe wannan daga wancan, ɗigo da ɗigo. Inda ba abin da ya sauya, amsa sifili ce. Inda wani abu ya gitta, lambar ta sauya, sai wurin ya fito fili. Shi ke nan, an gano motsi. Da yawa daga cikin ƙananan kyamarorin da ake sayarwa, masu turo saƙo a waya idan sun ga motsi, da wannan dabarar ko 'yar uwarta suke aiki.

Wani maƙwabcina mai shagon kayan masarufi ya sa irinta a ƙofar shagonsa, farkon damina. Daren farko wayarsa ta yi ƙara. Ya zabura ya duba. Ƙwari ne ke shawagi a gaban kyamarar, 'yan fitilunta na dare sun haska su fari fat kamar tartsatsi. Ya koma ya kwanta. Ta sake ƙara. Tsaka ce ta bi ta kan gilashin. Can wajen asuba kuma, baƙar leda ce iska ta ɗauko. Kwana uku ya yi a haka, ido ja wur. Rana ta huɗu ya kashe ƙarar gaba ɗaya. Na tausaya masa ƙwarai, don guminsa ya kashe da niyyar ya sami barci. Kuma kyamarar ba ƙarya ta yi masa ba. Duk abin da ta ce ya motsa, ya motsa ɗin. Sai dai ba kowane motsi ne abin nema ba.

Akwai aibi na biyu, wanda ya fi wannan haɗari. Idan mutum ya zo ya tsaya cik, hoton yanzu da na ɗazu sun zama ɗaya. Amsa sifili. A wajen na'urar, mutumin ya ɓace.

Yanzu mun zo kashi na uku, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don shi ne ƙashin bayan maganar.

Masana suka ce to a daina gwada hoto da maƙwabcinsa. A sa kwamfuta ta haddace yadda wurin yake idan babu kowa. Bango, ƙofa, hanya, bishiya. Wannan za mu kira shi shimfiɗa a shirin nan. Duk abin da ya shigo ya hau kanta kuma, za mu kira shi baƙo. Shimfiɗa da baƙo. Duk hoton da ya shigo, sai a gwada shi da shimfiɗar. Abin da bai yi daidai da ita ba, shi ne baƙo.

Tsohon maigadin unguwa haka yake aiki. Ya san ƙarar kowace ƙofa. Ya san haushin kowane kare. Ya san inuwar da bishiya ke yi idan wata ya fito. Saboda ya san abin da aka saba, shi ya sa yake gane abin da ba a saba ba. Ita ma na'ura haka. Sai ta san shimfiɗa kafin ta gane baƙo.

Da a ce shimfiɗar tana zama yadda take, da magana ta ƙare. To a garin nan, yaushe ta taɓa zama?

Tana sauyawa a hankali. Bangon da yake ja-ja da hantsi, da azahar ya koma fari, da la'asar ya rine. Lokacin hunturu hazo ya sauko, gidan da ke tsallaken titi ya dusashe. Ƙura ta kwanta a gilashin kyamara, kullum ana ƙara kaɗan.

Tana sauyawa farat ɗaya. An ɗauke wuta, duhu ya rufe. An tayar da janareto, haske ya dawo da wata kala daban. Hadari ya taso daga gabas, gari ya yi baƙi cikin minti biyu. Tirela ta wuce da dare, fitilarta ta share bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. A irin wannan lokacin duk ɗigon da ke hoton ya sauya lamba a tare. Na'urar da ba ta da wayo sai ta ce duniya gaba ɗaya baƙuwa ce.

Sannan akwai shimfiɗar da ita kanta motsi ne halinta. Dogon yaron da ke ƙofar gidanku, ganyensa ba ya hutawa. Labulen shago. Fankar sama. Ruwan da ya kwanta a kan hanya bayan an ɗauke ruwan sama, rana na wasa a kansa. Ku ɗauki ɗigo guda a gefen bishiyar nan. Yanzu kore ne, ganye ya rufe shi. Bayan rabin sakan shuɗi ne, ganye ya kauce, sararin sama ya leƙo. Kore, shuɗi, kore, shuɗi, yini guda. Wanne ne shimfiɗar?

Amsar da ta yi suna ta fito ne a 1999, daga wasu masana biyu na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, Chris Stauffer da Eric Grimson. Suka ce duka biyun shimfiɗa ce. Kada a tilasta wa ɗigo kamanni ɗaya. A bar kowane ɗigo ya riƙe kamanni 3 zuwa 5, yana lura da wanda ya fi yawan zuwa. Kore ya saba zuwa, ɗan gida ne. Shuɗi ya saba zuwa, shi ma ɗan gida ne. Amma ranar da ja ya bayyana a wurin, don mai jar riga ya gitta, sai ɗigon ya ce wannan ban san shi ba. Baƙo ne. Ku kwatanta da mai shayi. Ya san masu zuwa teburinsa da asuba, ya san na bayan isha'i. Ba fuska ɗaya ya haddace ba. Amma sabuwar fuska na zama a benci zai lura.

Dabarar kuma tana ci gaba da koyo. Kamannin da ya daina zuwa, a hankali ake mantawa da shi. Wanda ya yawaita, a hankali ake karɓarsa. Da haka take bin rana daga hantsi zuwa la'asar ba tare da ta ruɗe ba.

Sai dai a nan ne wani ƙulli yake, kuma ina so ku saurara da kyau. Da wane sauri ya kamata ta riƙa koyo?

Potiskum garin tireloli ne, kowa ya sani. A ce direba ya ajiye tirelarsa a gaban kyamara, ya tafi gida hutu. Minti na farko baƙuwa ce, babu gardama. Bayan awa ɗaya fa? Bayan kwana uku? Dole wata rana ta zama shimfiɗa, in ba haka ba ƙararrawa ba za ta yi shiru ba. To ta zama shimfiɗar. Ranar da direban ya dawo ya ja motarsa, sai bangon da ke bayanta ya fito. Na'ura ta riga ta manta da bangon. Sai ta zana siffar tirela a inda babu tirela, ta ce ga baƙo. Masu wannan aikin fatalwa suke ce mata, kuma sunan ya dace.

Idan aka ce ta yi saurin koyo don fatalwa ta gushe da wuri, an buɗe wata ƙofar. Mutum ya zo ya tsuguna jikin bango, ya yi lamo na 'yan mintuna. Sai na'ura ta haɗiye shi cikin shimfiɗa. Idan aka ce ta yi jinkiri, hadari na tasowa za ta yi ta ihu. Gaba kura, baya sayaki. Babu lamba ɗaya da ta dace da ko'ina. Saurin da ya dace da ƙofar banki daban, na tashar mota daban, na garken shanu daban. Sai wanda ya san wurin ne zai iya saita ta.

Ga kuma inuwa. Inuwa na tafiya tare da mai ita, don haka na'ura tana ɗaukarta a matsayin wani ɓangare na jikinsa. Da yamma, sa'ad da inuwa ta yi tsawo, ta saniyar farko takan taɓa ƙafar ta biyu. Sai shanu biyu su zama dunƙule ɗaya, ƙidaya ta lalace. Maganin da ake yi shi ne a lura da cewa inuwa tana rage haske ne kawai, ba ta cika sauya kala ba. Jar ƙasa a cikin inuwa, jar ƙasa ce mai duhu. Da wannan ake tsame ta, ko da yake ba kullum ake dacewa ba.

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda kwamfuta ke gane motsi a bidiyo. Mun ce lambobi take gani. Mun ce sai ta san shimfiɗa kafin ta gane baƙo.

To idan kyamarar ce da kanta ke tafiya fa? Tana hannunka, ko a gaban mota, ko a jikin jirgi maras matuƙi? Yanzu komai na motsi. A 1981 Bruce Lucas da Takeo Kanade na jami'ar Carnegie Mellon suka fitar da hanyar auna yadda 'yan wurare a cikin hoto ke gusawa daga hoto zuwa hoto. Ana zaɓar wurare masu sauƙin shaidawa, kamar kusurwar taga ko bakin kwano, a ga ina suka koma. Idan galibinsu sun gusa hagu tare, to kyamara ce ta juya dama. Sai a cire wannan gusawar. Abin da ya rage yana tafiya ta kansa, shi ne mai motsi na gaskiya. Wahalar kun san ta, duk wanda ya taɓa zama gefen taga a hanyar Damaturu. Ciyawar bakin titi na wucewa fuu, kukar da ke can nesa kuwa kamar tana raka ku. Dukansu a tsaye suke, amma saurinsu a ido ya bambanta. Dole lissafi ya kula da nisa.

Kashi na gaba shi ne sabon yayi, wanda ya sauya aikin a shekarun nan.

Maimakon a tambayi kwamfuta me ya motsa, sai a tambaye ta mene ne wannan. Ana nuna mata dubban hotuna waɗanda mutane suka zauna suka yi wa alama da hannu. Wannan mutum ne. Wannan mota ce. Wannan saniya ce. Tana gani tana kuskure ana gyara mata, har ta kama siffar. A 2016 Joseph Redmon da abokan aikinsa suka gabatar da wata manhaja mai suna YOLO, ma'anar sunan kallo ɗaya tak. Tana iya duba hotuna 45 a sakan, ta zana akwati a kan duk abin da ta gane, ta rubuta sunansa. Irin wannan manhajar ba ruwanta da ganyen dogon yaro. Ba ruwanta da leda. Mutum ko ya tsaya cik, tana ganin mutum.

Amma abin da aka koya mata kaɗai ta sani. Ku saurari wannan. Akwai wani rumbun hotuna da ake kira COCO, wanda ya fito a 2014, da hotuna sama da 300,000. Da shi ake horar da manhajoji da dama irin waɗannan, a kan abubuwa iri 80. A cikin 80 ɗin akwai saniya, akwai tunkiya, akwai doki. Akwai raƙumin dawa, amma babu raƙumi. Akwai jakin dawa, amma babu jaki. Babu akuya. Akwai katakon sulun ƙanƙara, amma babu Keke Napep, babu amalanke. Ka kawo wannan manhajar kasuwarmu yadda take, akuya za ta iya kiran ta tunkiya ko kare. Jaki ta ce doki. Keke Napep ta yi ta kai-kawo tsakanin mota da babur.

Ba a dabbobi abin ya tsaya ba. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin kamfanoni uku masu duba fuska su ce mace ce ko namiji. A kan maza farar fata, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata baƙar fata, ya kai kusan kashi 35. Ana ganin dalili shi ne hotunan da aka horar da su. Wannan yana damuna, kuma ya kamata ya dame mu duka. Mai babbar riga da rawani, da mai dogon hijabi har ƙasa, siffarsu ba irin ta mai wando da taguwa ba ce. Na'urar da ba ta saba ganinmu ba, za ta fi yin kuskure a kanmu.

Mu koma wajen jan bijiminmu. Gane shi a hoto ɗaya aiki ne. Sanin cewa shi ne dai a hoto na gaba, da na gaba, wani aikin ne daban. Wannan shi ne bin sawu.

Kwamfuta tana ba kowane baƙo lamba. Bijimin nan lamba 7 ne. A hoto na gaba ga akwatuna 30, wanne ne 7? A nan ake amfani da lissafin Rudolf Kalman, wanda ya wallafa a 1960. Da irinsa aka yi wa kumbon Apollo jagora zuwa duniyar wata a 1969. Kada sunan ya firgita ku. Kullum kuna yin sa idan za ku tsallaka titi. Ka hango mota, ka ƙiyasta gudunta, ka ce kafin na kai tsakiya tana wuri kaza. Ka sake dubawa, ka gyara ƙiyasinka. Hasashe, dubawa, gyara. Hasashe, dubawa, gyara. Kwamfuta tana yin haka sau 25 a sakan, ga kowane baƙo. Akwatin da ya fi kusa da inda ta yi hasashe, shi take ba lambar.

Amfanin hasashe yana fitowa ne idan abu ya ɓuya. Bijimi ya shige bayan mota. Na'ura ba ta ganinsa, amma ta san gudunsa da inda ya dosa. Sai ta jira shi a ɗaya gefen. Ya ɓullo, ta ce lamba 7, sannu da fitowa. Idan kuwa ya tsaya a bayan motar, ko ya juya, ko wani jan bijimin ne ya fito a madadinsa, lamba ta koma kan wanda ba shi ba. Don rage wannan, sababbin manhajoji suna haddace kamannin kowane baƙo, kalarsa da zanensa. Yana taimakawa idan mutane ne masu tufafi iri-iri. To garken bunaji fa, 50 duk farare? Makiyayi yana bambance su da karkatar ƙaho, da takun tafiya, da tabon da ke kunne. Har suna yake kiran kowace da shi. An daɗe da sanin cewa zanen da ke kan hancin saniya nata ne ita kaɗai, kamar zanen yatsan mutum. Amma kyamarar da ke saman falwaya, cikin ƙura, ina za ta ga hanci?

Kada ku ɗauka ɓacewar sawu ƙaramin abu ne. Daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta buge wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi, ta rasu. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa na'urorin motar sun hango ta kusan sakan 6 kafin karon. Amma suka yi ta sauya mata suna. Yanzu mota ce, yanzu abin da ba a sani ba, yanzu keke. Duk sauyin suna kuma, sai sawun baya ya goge, hasashe ya koma farko. Ga mutum a kujerar direba da aka sa don ya kula, amma hankalinsa na kan waya. An ga matar, ba a riƙe sawunta ba.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo za su ce, ai mun ga abin yana aiki. Gaskiya ne. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, kyamarori 12 ne a ƙarƙashin rufin fili ke bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a sakan, don kama satar gida. Amma ku dubi shimfiɗar. Ciyawa kore shar. Fitilu ba sa ɗaukewa. 'Yan wasa 22 ne, kowa da lamba a bayansa. Kasuwarmu ta ranar Laraba ta fi wannan filin wuyar kallo nesa ba kusa ba.

Kashi na ƙarshe. Mu a nan, me za mu yi da wannan ilimin?

Mutanen garin nan ba sai an gaya musu darajar tsaro ba. Ba mu manta da harin kasuwar shanu na watan Mayun 2012 ba. Ba mu manta da safiyar 10 ga Nuwamba 2014 ba, ranar da aka kashe ɗalibai sama da 40 a makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati, suna tsaye a filin taro. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Rahotanni sun ce maharin da kayan makaranta ya shigo. Na kawo wannan ne da nauyin zuciya, don mu san iyakar na'ura. Tana ganin motsi. Ba ta ganin niyya. Mutumin da ya san fuskokin wurin, ya san wanda bai taɓa gani ba, babu kyamarar da ta maye gurbinsa.

Saye kuma ba shi ne ƙarshen aiki ba. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 ta kyamarori da sadarwar tsaro, musamman a Abuja da Legas. Daga baya aka yi ta kukan ba sa aiki, har majalisar tarayya ta yi bincike a kai. Kyamara tana son wuta, tana son gyara, tana son mai kallo.

Alhaji mai shago, Hajiya mai gida, idan za ku sa kyamara, ga abin da zai rage muku wahalar maƙwabcina. A ɗaure ta tamau, don idan iska na girgiza ta, duk shimfiɗar ce ke rawa. Kada ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta kai tsaye. A cikin saitinta akwai inda ake zana wurin da ake so ta kula da shi. Ku zana ƙofa, ku cire bishiya da titi. Fitilar waje a ɗan nesanta ta da kyamarar, ƙwari su tafi can. Lokacin hunturu a riƙa goge gilashin da tsumma mai laushi, a share yanar gizo-gizo. Kuma don Allah, kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Addininmu da al'adarmu sun hana leƙe tun kafin a ƙera kyamara. Tun watan Yunin 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma hoton da ake iya gane mutum a cikinsa yana cikin bayanansa.

Ƙannena, ga saƙon da na yi muku alkawari. Ku da ke Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan Potiskum, da na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, da na Jami'ar Tarayya a Gashuwa. Akwai tarin kayan aiki mai suna OpenCV, kyauta ne a intanet. Dabarar shimfiɗa da muka yi bayani tana ciki, ta Lucas da Kanade na ciki, lissafin Kalman na ciki. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa a fara. Abin da babu a rumbunan can shi ne hotunanmu, kuma ku ne kuke zaune a cikinsu. Akuya, jaki, raƙumi, amalanke, Keke Napep, hazo, hasken la'asar a kan jar ƙasa. Manhajar da za ta ƙirga shanun da ke hawa tirela ba tare da ta ƙirga inuwarsu ba, wanda ya san kasuwar ne zai fi iya gina ta.

Kafin mako mai zuwa, ga ɗan aiki. Ka jingine wayarka a kan katanga, ta fuskanci ƙofar gidanku, da izinin mutanen gida. Ka ɗauki bidiyon minti ɗaya da hantsi, wani da la'asar, daga wuri guda. Ka zauna da biro da takarda. Ka rubuta duk abin da ya motsa wanda ba mutum ba ne. Ganye, inuwa, kaza, shanyar da ke kan igiya. Sannan ka gwada kalar bangon a bidiyon biyu. Ka ajiye takardar, da ita za mu buɗe shirinmu na gaba.

A nan za mu dasa aya. Ku huta lafiya.